Mawaƙan da Ke Tashe a Kan Hanya Sun Cancanci Kulawar Jaridunmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato ma'aunin da shafukan nishaɗi na jaridun Hausa suke auna mawaƙi da shi. Abin da na lura da shi shi ne, da wuya mawaƙi ya samu shiga jarida sai idan waƙarsa ta tara miliyoyin masu kallo a YouTube, ko kuwa ya yi cacar baki da abokin sana'arsa har magana ta cika gari. Alhali kuwa akwai wani rukuni na matasa da suke rubuta waƙoƙinsu da hannunsu, suna rera su da muryarsu a gaban jama'a, suna bin garuruwa ɗaya bayan ɗaya da 'yan amshinsu da makaɗansu, kuma sunansu yana ta ƙara nisa ba tare da wata jarida ta taɓa tambayar yadda aka yi ba. Ra'ayina shi ne waɗannan su ne magadan gaskiya na sana'ar waƙa a ƙasar Hausa, kuma idan aka bar wahalar hanya da satar fasaha suka karya su, za a wayi gari babu mawaƙin da zai rage mana sai wanda ke jiran lokacin zaɓe.

Akwai wani matashi ɗan ƙasar Daura da nake bibiyar al'amarinsa tun yana sakandare, lokacin ina koyar da Hausa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin kada a ɗauki wannan wasiƙa a matsayin talla, kuma domin abin da zan faɗa a kansa ya shafi wasu da dama irinsa a Katsina da Funtuwa da Malumfashi da Kazaure. Ya fara ne da rubuta waƙoƙin bikin yaye ɗalibai, yana rera su da baki ba kiɗa. Daga nan abokai suka riƙa gayyatarsa bikin aure, ya yi wa ango da amarya waƙa a ba shi abin da ya sawwaƙa. Sannu a hankali gayyata ta wuce unguwa ta kai Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, ta kai Mashi da birnin Katsina, har ta tsallaka iyaka ta Kwangwalam zuwa Damagaram da Magarya. A yau ludayinsa yana kan dawo, domin idan salla ta gabato sai masu shirya wasa sun yi rige-rigen samun rana a wurinsa. Yana tafiya ne da mai fiyano da mai kalangu da 'yan amshi, kuma turakun waƙoƙinsa ba su tsaya ga soyayya kaɗai ba: yana da waƙa a kan ɗan ci-rani da ya bar iyali ya tafi Legas, yana da wata a kan manomin da ya gudo birni ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga, yana kuma da wadda ya yi wa iyaye mata, wadda ita ce ta fara fito da shi.

Wanda ya san tarihin waƙa a wannan jiha tamu ta Katsina ba zai ga baƙon abu a cikin wannan tafiya ba. An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa a shekarar 1923, ya rasu a 1999, kuma a nan Daura aka yi masa sutura aka binne shi, saboda kusancin da ke tsakaninsa da marigayi Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar. Tun kafin gidajen rediyo su naɗi muryarsa, tun kafin a buga faifansa, dandalin ƙauye da kasuwa ne suka san shi, lokacin da yake tallar goro yana haɗawa da waƙa. Daga Musawa ya zauna Bakori, ya zauna Funtuwa, ya karaɗe ƙasar Hausa da ƙasashen maƙwabta da kalangansa, kuma digirin girmamawa na dakta da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi a 1988 ya zo ne bayan shekaru masu yawa na wannan yawo. Haka ma Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, gidajen biki ta bi da ƙwaryarta gari-gari har sunanta ya zama abin da kowane Bahaushe ya sani. Babu ɗayansu da ya yi suna daga cikin ɗaki. Jama'a ce ta gwada su ido da ido, dare bayan dare, ta karɓi abin da ya karɓu, ta yi watsi da wanda bai karɓu ba, su kuma suka koyi darasi daga wannan karɓa da wannan watsi.

Bambancin da ke tsakanin wancan zamani da matasan da nake magana a kansu shi ne alƙalami. Shata ba ya zama ya rubuta waƙa. A fagen wasa yake ƙirƙirar ɗiyan waƙarsa, wato baitocinta, nan take, kuma wannan baiwa ce da ba a koyar da ita a aji. Ƙasar Hausa kuwa tana da wata tsohuwar hanya ta daban, ta rubutacciyar waƙa, wadda irin su Aliyu Namangi da Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu suka bi, inda ake auna kari, a daidaita ƙafiya, a tsara baitoci bisa ƙa'ida kafin a rera. Waɗannan hanyoyi biyu sun daɗe kowace tana tafiya da mutanenta: makaɗi yana fada da dandali, marubucin waƙa yana zaure da makaranta. Matashin da ke rubuta waƙarsa a takarda sannan ya ɗauke ta ya kai ta dandali da kiɗa ya haɗa gadon gida biyu ne a hannu ɗaya, kuma a ganina wannan abu ne da ya isa malaman jami'a da 'yan jarida su tsaya su dube shi da idon basira.

Na taɓa halartar wani wasansa a wani gari da ke arewa da Daura, kwana kaɗan bayan ƙaramar salla. A filin makarantar firamare aka yi, an kewaye wurin da zana da buhuna, an haɗa tebura an yi dandamali, maza a gefe guda, mata a gefe guda, yara kuma sun haye katanga. Yana tsakiyar waƙar ɗan ci-rani sai injin janareta ya mutu, fitilu suka ɗauke, fiyano ya yi shiru. A irin wannan hali na sha ganin taro ya watse da jifa da zagi. Shi kuwa sai ya ajiye makirufo, ya matso bakin dandamali, ya yi wa mai kalangu alama da hannu, ya ci gaba daga baitin da ya tsaya da muryarsa tsura. Mutane suka kunna fitilun wayoyinsu, na gaba suka yi tsit domin na baya su ji, kuma da ya kai ga amshi sai filin gaba ɗaya ya karɓa, har da tsofaffin da suka zo raka jikoki. Kafin a gyara injin ya kammala waƙar, kuma liƙin da aka yi masa a cikin duhun nan ya fi na sauran daren duka.

Da safe na same shi a masaukinsu zaune a kan tabarma da wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yi laushi saboda gumi da yawan naɗewa a aljihu, shafukan cike da layukan da aka soke aka sake rubutawa a sama. Bayan ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba tun yana ɗalibi, sai ya nuna mini wani baiti a wata sabuwar waƙa, ya ce a daidai nan ne ya ga mutane sun fara hira da juna jiya, saboda haka ya tabbata akwai abin da bai zauna ba a cikinsa. Da muka duba tare sai muka ga layi na uku ya fi 'yan'uwansa tsawo da gaɓa biyu, dole sai ya haɗiye kalma kafin ya cim ma kiɗa, ma'anar kuma a cikin kalmar da yake haɗiyewa take. Ya gyara shi a nan take, ya rera sau da yawa a hankali har ya gamsu. Wannan gyara ba zai taɓa samuwa ga wanda ya shiga sitidiyo ya naɗi waƙa ya watsa ta a intanet a rana ɗaya ba, domin adadin masu kallo ba ya gaya wa mawaƙi a wane layi hankalin mai sauraro ya bar shi.

Dole in faɗi wata gaskiya mai ɗaci game da abin da ake kira wasa a yau. Da yawa daga cikin mawaƙan da ake sayar da tikiti da sunansu, idan sun hau dandamali, waƙar da aka riga aka naɗa ake kunnawa su riƙa motsa baki suna rawa, abin da 'yan sana'ar suke kira mamin. Na'urar gyaran murya ta sa kowa ya zama mai zaƙin murya a sitidiyo, amma idan aka kashe na'ura aka ce ya rera baiti ɗaya sai ka ji abin tausayi. Ba na ƙin sitidiyo, domin ita ce ta buɗe wa dubban matasa ƙofar sana'a tun daga lokacin da waƙoƙin fina-finan Hausa suka bunƙasa a Kano, kuma ta samar da mawaƙa masu hikima waɗanda ba a musun basirarsu. Abin da nake ƙi shi ne a karɓi kuɗin ƙofa daga hannun talaka a kunna masa abin da yake da shi a wayarsa, sannan jarida ta jera mai yin haka a sahu ɗaya da wanda ya ɗauko makaɗa ya biya su, ya tsaya sa'o'i yana rera waƙa da maƙogwaronsa.

Hanyar kuwa da waɗannan matasa suke bi ba ta taɓa tsada da haɗari kamar yanzu ba. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta ci gaba da hawa. Mawaƙin da ke tafiya da jama'a da kayan sauti shatar mota yake yi, kuma man janareta ma a kansa ko a kan mai shirya wasa yake faɗawa, saboda haka duk ƙarin da aka yi a gidan mai sai ya bayyana a cikin abin da za a raba wa 'yan amshi da asuba. Ga kuma matsalar tsaro, wadda ta rufe wa masu wasa kusan dukkan yammacin jihar nan. Garuruwa irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari, waɗanda a da makaɗa kan kwana suna wasa a cikinsu, sun kai matsayin da a watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga. Mawaƙi sana'arsa ta dare ce, kuma hanyoyi da yawa ba a bin su da dare. Ko dai ya kwana a garin ya ƙara kuɗin masauki da abinci, ko ya ƙi amsa gayyatar gaba ɗaya.

Mu mutanen Daura akwai abin da ya fi shafar mu, shi ne iyaka. Damagaram da Maraɗi ba baƙin wuri ba ne ga mawaƙin Hausa. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, kuma masu sauraro a can suna girmama mawaƙi, ga shi kuɗin sefa yana da auki idan aka canza shi zuwa naira. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, a tsakiyar wannan kuma annobar korona ta hana taruwa, aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ta daga ɓangaren Najeriya ba sai a Maris ɗin 2024. Duk lokacin da aka yi maganar asarar da waɗannan rufe-rufe suka jawo, 'yan kasuwar dabbobi da hatsi ake ambata, kuma sun cancanci a ambace su, amma ban taɓa karanta layi ɗaya a kan makaɗa da mawaƙan da rabin kasuwarsu take tsallaken iyaka ba.

Idan an isa garin lafiya, sai kuma matsalar wurin wasa. Gidajen sinima na da, waɗanda mawaƙa kan yi wasan salla a cikinsu, akasarinsu sun rufe ko an mayar da su wani abu daban. Abin da ya rage shi ne filin makaranta, ko harabar otal, ko ɗakunan taron biki waɗanda kuɗin hayarsu ya fi ƙarfin mai tasowa. Na san akwai iyaye da malamai da suke ƙyamar taron waƙa saboda abin da suke gani na cakuɗuwar maza da mata da shaye-shaye da kai wa tsakar dare, kuma damuwarsu tana da tushe. Ni ma uba ne, ba zan so 'yata a irin wannan wuri ba. Sai dai rashin tsararren wuri shi ne yake tura wasa zuwa lungunan da ba mai sa ido. Da a ce kowace babbar ƙaramar hukuma tana da zaure mai kujeru da wutar sola, mai lokacin buɗewa da na tashi, da wurin zaman mata daban da na maza, wanda magidanci zai iya zuwa da iyalinsa bayan la'asar ya koma gida kafin isha'i, da an raba tsakanin sana'ar waƙa da ɓarnar da ake jingina mata. Irin wannan wuri ne kuma kaɗai zai ba 'ya mace mai basirar waƙa damar fitowa da yardar iyayenta, domin wahalar da namiji yake sha a kan hanya, tata ta ninka.

Akwai kuma zaluncin da ake yi a cikin sana'ar kanta. Matashin nan ya taɓa zuwa wasa wani gari bisa alkawarin baka, aka cika fili maƙil, amma kafin a tashi mai shirya wasan ya tattara kuɗin ƙofa ya sulale, sai da suka ranci kuɗin mota kafin su dawo gida. Babu takarda, babu shaida, babu inda za a kai ƙara. Tun daga lokacin ba ya ɗaga ƙafa sai an biya kafin alƙalami an kuma rubuta yarjejeniya da sa hannun shaidu, kuma ina kira ga duk mai tasowa da ya yi koyi da wannan, ko da za a ce masa ya cika tsanani. Addininmu ma ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, saboda haka babu abin kunya ga wanda ya nemi a rubuta haƙƙinsa.

Babbar ɓaraka kuwa tana wajen mallakar waƙar. Duk wanda ya shiga kasuwa ko tasha a garuruwanmu zai ga rumfar masu cajin waya, da kwamfuta a kan tebur da lasifika tana amo, matasa sun yi layi ana tura musu waƙoƙi a memori a kan 'yan kuɗi kaɗan. Mai rumfa ya samu, mai waya ya samu, wanda ya kwana yana auna baiti kuwa ko sisi ba ya gani. Wannan hanya ta taimaka wajen yaɗa sunan mawaƙa zuwa ƙauyukan da intanet ba ta kai ba, ba na musun haka, amma suna ba ya biyan kuɗin sitidiyo. A intanet ɗin ma, sau da yawa wani ne daban yake riga mawaƙi ɗora waƙarsa a tasharsa ta YouTube ya riƙa karɓar kuɗin talla. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mai tasha, sai ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin watanni 12, kuma abin da ake biya a kan kallon da ya fito daga Najeriya ko Nijar bai kai na Amurka ko Ingila ba ko kusa. Spotify bai shigo Najeriya ba sai a 2021, kuma akasarin masu sauraron waƙar Hausa a karkara ba ta nan suke ji ba. Saboda haka ga mawaƙi irin wanda nake magana a kansa, wasan gaban jama'a da liƙi da waƙar biki su ne abincinsa na haƙiƙa.

Abin takaici shi ne akwai doka, amma waɗanda aka yi ta dominsu ba su san da ita ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari, ya sanya wa hannu a Maris ɗin 2023, ta tabbatar wa mai waƙa haƙƙinsa tun daga lokacin da ya rubuta ta ko ya naɗe ta, kuma haƙƙin kalmomi da karin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ma'ana, waƙoƙin Shata da ake kunnawa a ko'ina suna ƙarƙashin kariyar doka har zuwa ƙarshen 2069. Dokar ta kuma ce sayar da haƙƙi ga wani ba ya inganta sai a rubuce, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana da tsarin rajistar ayyuka wanda zai zama hujja a hannun mawaƙi ranar da rigima ta taso. Matasa nawa ne a Daura ko Funtuwa suka taɓa jin wannan bayani da Hausa? Sau da yawa yaro yana sayar da waƙarsa ga mai sitidiyo ko mai shirya fim a kan kuɗin da ba zai kai shi wata ɗaya ba, waƙar ta yi shekaru tana kawo riba ga wani, sunansa ma ba a rubuta ba.

Idan aka haɗa waɗannan matsaloli wuri ɗaya, za a gane dalilin da ya sa waƙar siyasa take janye masu basira. Jihar nan ta fitar da Dauda Kahutu Rarara daga ƙaramar hukumar Ɗanja, wanda waƙoƙinsa na siyasa suka karaɗe Arewa tun zaɓen 2015, kuma kowane yaro mai murya ya ga irin ɗaukakar da wannan fage yake kawowa. Waƙar siyasa da ta yabon ubangida tsofaffin turaku ne a adabinmu, ba ni da ja a kan halaccinsu. Shata kansa yana da iyayen gida, sarakuna da attajirai da direbobi, amma yana da su da yawa, kuma jama'ar dandali ita ce babbar uwar ɗakinsa, shi ya sa bakinsa bai taɓa zama mallakar mutum ɗaya ba. Mawaƙan wancan zamani su ne aka dogara da su wajen wayar da kan jama'a lokacin da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972 da lokacin da aka canza kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, domin talaka ya yarda da muryarsu. Tsorona shi ne ranar da matashin nan zai lissafa kuɗin mai da na masauki da haɗarin hanya, ya ga waƙa ɗaya ta ɗan takara ta fi masa wasan shekara guda, ya ajiye littafin nan nasa. Daga ranar ba zai ƙara iya rera waƙar manomin da ya bar gonarsa ba, domin wanda ya kamata waƙar ta tuhuma shi ne mai biyansa.

Ba ina nufin matashin ba shi da abin gyara ba, kuma na gaya masa wannan baki da baki. Tun da sunansa ya fara nisa ya shiga gaggawar fitar da sababbin waƙoƙi domin kada a manta da shi a intanet, kuma wasu daga cikin na baya-bayan nan ba su sha gyaran da na farko suka sha ba. Akan ji ƙafiyar da aka cusa da ƙarfi, da kalmomin Turanci da aka saka ba don babu na Hausa ba sai don a burge 'yan birni. Haka kuma ya kamata ya riƙa ambatar sunan mai kalangunsa da mai fiyanonsa da 'yan amshinsa a duk inda ya ɗora waƙa, ya kuma tsayar musu da kaso sananne, domin rashin adalcin da yake kuka da shi daga masu shirya wasa bai kamata ya gangara daga hannunsa zuwa kan yaransa ba. Irin wannan gyara shi ne aikin mai sharhi, kuma rashin masu sharhin waƙa a jaridunmu ya sa mawaƙi ba ya jin komai sai kirarin masoya ko zagin maƙiya.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona na farko gare ku ne. Ku ware fili, ko da sau ɗaya ne a wata, inda za a ɗauki waƙa guda ta wani mai tasowa a buga baitocinta da izininsa, a bayyana wanda ya rubuta da wanda ya yi kiɗa, wani masani ya yi mata nazari na gaskiya, ya yaba inda ya dace ya kuma nuna inda ta yi rauni. Muna da malaman Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da sauran manyan makarantun jihar waɗanda wannan aikinsu ne, kuma na tabbata ba za su ƙi ba idan an nema. Ku kuma nemi lauya ya yi wa mawaƙa bayanin dokar haƙƙin mallaka da Hausa mai sauƙi, tare da samfurin yarjejeniyar wasa da kowane yaro zai iya kwafa ya yi amfani da ita. Ita kuwa Hukumar Tarihi da Raya Al'adu ta Jihar Katsina, ina ganin lokaci ya yi da za ta dubi masu rai kamar yadda take duban kayan tarihi, ta fara da samar da zaure ɗaya mai araha a Katsina da Daura da Funtuwa.

Sallar Gani tana tara dubban mutane a Daura kowace shekara a watan Rabi'ul Awwal, daga ciki da wajen Najeriya, kuma a kwanakin nan ne masu shirya wasa suke gayyato mawaƙa masu tasowa zuwa garin da ƙauyukan kewaye. Ina roƙon ku turo wakilinku a Gani mai zuwa, kada ya tsaya ga hotunan hawa kaɗai. Ya shiga motar ɗaya daga cikin waɗannan ƙungiyoyi ya bi su wasa biyu ko uku, ya ga nawa aka tara a ƙofa, nawa aka kashe a mai, nawa ya isa hannun ɗan amshi, sannan ya rubuta abin da ya gani. Idan ya iso Daura, ni mai masaukinsa ne, kuma zan haɗa shi da su.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin Hausa kuma mai karanta jaridarku,
Daura, Jihar Katsina.